Me Ya Haɗa Haƙori Da Tiyatar Kwatangwalo?

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 67 ne, za a yi masa tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo. Sai likitan ƙashi ya ce ba zai sa rana ba sai likitan haƙori ya duba bakinsa, saboda dasashinsa na zubar da jini, kuma haƙori ɗaya ya yi kogo. Baba na da ciwon suga, yana kuma shan taba. Ni 'yarsa ce mai jinyarsa. Anya wannan ba jan rai ba ne kawai?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Ba jan rai ba ne, likitan nan ya san abin da yake gudu.

Gaɓar da za a sa wa Baba ƙarfe ce haɗe da roba mai tauri ko tangaran, jini ba ya ratsa ta. Duk inda jini ba ya kaiwa kuwa, garkuwar jiki da magani ba sa isa yadda ya kamata. Idan ƙwayoyin cuta suka sauka a kan ƙarfen, sai su manne su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin dattin nan da ke taruwa a gindin haƙorin da ba a gogewa. Daga nan allura kaɗai ba ta cika fitar da su ba. Sau da yawa sai an sake buɗe wurin an wanke, wani lokaci ma a cire gaɓar ɗungurungum, a yi kamar mako 6 ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sa wata. Mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ne hakan ke samu, amma wanda ya samu yana jin jiki.

To ina bakin ya shigo? Dasashin da ke jini ƙofa ce a buɗe. Tauna kawai ko goge haƙori na iya tura ƙwayoyin cuta cikin jini. Lafiyayyen jiki kan share su nan da nan, amma haƙorin da ya tara mugunya kullum aiko su yake yi. Sai dai kada a wuce gona da iri: yawancin cutar da ke kama sabuwar gaɓa daga fatar majiyyaci take zuwa, musamman ƙwayar Staphylococcus. Don haka ba kowane haƙori mai tabo za a cire ba. Mai mugunya, mai girgiɗa, da kumburin dasashi su ne abin yi wa magani, in an cire kuma a jira gurbin ya warke.

In ni za ki tambaya, suga da taba sun fi haƙorin tayar min da hankali. Ki nemi a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugansa ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Likitoci da dama kan ɗage aiki in sakamakon gwajin ya haura kashi 8 cikin 100, domin suga mai yawa na raunana garkuwar jiki ya hana ɗinki kamawa. Shi ma ciwon dasashi yana tayar da suga, sugan kuma ya ƙara lalata dasashin, kin ga gyaran bakin zai yi amfani ta nan ma. Taba kuwa tana matse jijiyoyin jini ta rage iskar da miki ke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa barin ta aƙalla mako 4 kafin tiyata na rage matsaloli bayan aiki. Ragewa ba ta wadatar, bari ake nufi, kuma na san faɗa wa uba haka ba abu ne mai sauƙi ba. Ki bar likitansa ya faɗa masa a gabanki.

A duba ko yana da ƙarancin jini tun yanzu. Bayan aiki, kada tausayi ya sa ku hana masu gashin ƙashi tayar da shi. Ana so ya taka a ranar ko washegari, don gudun daskarewar jini a ƙafa. In kuwa kika ga mikin na tsiyaya, ko zazzaɓi, ko ciwon da ya lafa ya dawo, ku koma wurin likitan da ya yi aikin a ranar, kafin ya sha kowane irin maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin kan ɓoye ƙwayar a gwaji.