Amsa ga ƙanwata mai shirin hawa jirgi da goyon wata 7

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki har sau biyu ina murmushi ni kaɗai, don kamar ni ce na rubuta ta shekarun baya. Kin ce ɗiyarki watanta 7, maigida yana karatu a Maleshiya ya ce ku taho, za ki tashi daga Abuja ki yada zango a Doha, ke kaɗai, kuma ko sau ɗaya ba ki taɓa shiga jirgi ba. Fargabarki kada ta yi ta tsala kuka ta hana mutane sakat, ga shi surukarki ta ce a nemo maganin da zai sa ta barci, a kuma toshe mata kunne da auduga.

Ni a Samaru nake. Wannan hanyar na bi ta lokacin da Baban yara yake digirinsa na uku a garin Serdang, can Maleshiya. Na tafi da babbata tana wata 6, na dawo da ita tana shekara ɗaya da wata 4. Tafiyar ta fi dawowar sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗan wata 6 ko 7 nono da bayan uwa kawai ya sani. Wanda ya fara tatata kuwa, shi ne zai nuna miki cewa jirgi kurkuku ne, don ba ya yarda a riƙe shi, kuma duk maɓallin da ya gani sai ya danna. Saboda haka ki gode Allah, a lokaci mai kyau tafiyar ta zo miki.

Abin da ya galabaitar da ni a ƙasa yake. Mu a Zariya kullum muna ganin ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi suna shawagi a kanmu, amma in tafiyar gaske ta tashi sai mun nemi Kano ko Abuja. Ki lissafa: Zariya zuwa Abuja, ko ta mota ko ki je Rigasa ki hau jirgin ƙasa zuwa Idu, rabin yini ya tafi. Awa 3 kafin tashi ake so ki isa filin jirgi. Abuja zuwa Doha kusan awa 7, Doha zuwa Kuala Lumpur awa 7 da wani abu, ban da zaman jira a tsakani. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida ya haura kwana guda cur. Ni wautar da na yi, da asuba muka bar Kwangila a ranar tashin, bayan na kwana ina ɗaure kuka da daddawa da yaji, ga 'yan sallama har sha biyun dare. Ko da na shiga jirgi na riga na zama gawa. Yarinyar lafiyarta lau, ni ce na rasa haƙuri, kuma jariri yana jin uwarsa a jiki. In kin rikice shi ma sai ya rikice. Don Allah ki je Abuja tun ana gobe, ki kwana gidan 'yan uwa, ki yi barci ki ƙoshi. Masu sallama su yi da kwana biyu.

Maganin barci kuwa, a'a. Ko Piriton ko maganin tari ko duk wani abin da mai kemis zai ce “ɗan kaɗan ba komai”, kada ki ba ta. Irin waɗannan magungunan ba a yi su don jarirai ba, wasunsu suna iya danne numfashi, kuma a sama kike inda ba asibiti. Wani yaron ma maimakon ya yi barci sai maganin ya birkita shi ya ƙara masa rigima. Ba sai kin yi musu da Hajiya ba, ba girmanki ba ne. Ki sa ɗanta ya kira ta ya ce likita ya hana, magana ta ƙare. Abin da na ɗauka ni shi ne farasitamol na yara da ma'auninsa, da ruwan gishirin ɗiga wa hanci, kuma sai da na tambayi likita adadin da ya dace da nauyinta.

Auduga ma ba ta maganin komai, domin matsalar ba daga waje take shiga ba. Iskar cikin jirgi in ya lula kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 take, wato sama da Jos da take wajen mita 1,200. In jirgi ya fara sauka sai nauyin iskar ya ƙaru, ya tura fatar dodon kunne ciki. Akwai wata 'yar siririyar hanya daga cikin kunne zuwa bayan hanci, haɗiya ce take buɗe ta iska ta daidaita. Babba zai yi hamma ko ya tauna cingam, jariri kuwa sai tsotso. To dabarar duk a kan lokaci take. Wajen tashi kada ki ba ta mama da jirgi ya fara motsi, don yana iya yin minti ashirin yana gangarawa a ƙasa, ta ƙoshi ta saki. Ki bari sai kin ji ya ɗauki gudun gaske. Saukar ita ce ta fi ciwo, kuma tun kusan rabin awa kafin a taɓa ƙasa ake fara ta. Ni a nan na faɗi. Na ba ta ta sha ta yi nak ana saura awa ɗaya mu isa Doha, da aka fara sauka na miƙa mata ta kau da kai, ta yi ta ihu tana jan kunne har muka dira. A zango na biyu na ɗan ja mata rai, da na ji nawa kunnen ya fara toshewa na sa mata, ko uffan ba ta ce ba. In tana mura ana saura 'yan kwanaki, ki kai ta a duba kunnen, don mura tana toshe wannan hanyar.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba tunda maigida ya san kan abin. Fasfo nata daban, biza tata daban. Ki riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da wasiƙar amincewar mahaifinta mai sa hannunsa da kwafin fasfonsa, don uwa mai fita da yaro ita kaɗai ana iya tambayarta. Ke kina buƙatar katin rigakafin shawara, yalo kad ɗin nan, kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, kada ki bari sai ana jibi. Ita allurar shawara da ta ƙyanda sai wata 9 ake yi mata, ke nan a can lokacin zai same ku, saboda haka katin rigakafinta ya shiga jakar hannu.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, kuɗinsa yawanci wajen kashi 10 cikin 100 na tikitin babba ne, ban da haraji. Ki sa maigida ya kira kamfanin tun yanzu ya nemi kujerar da ake maƙala gadon jariri a gabanta. Kaɗan ne a kowane jirgi, wanda ya riga shi ke samu, kuma ki sake tuna musu a wurin awon kaya. Gadon yana da iyakar nauyi, wajen kilo 11 a yawancin kamfanoni, taki ba za ta kai ba. Sai dai kada ki ɗora masa buri. Da fitilar bel ta kama saboda gargadar iska, dole ki ciro ta ki rungume, ko da yanzu barci ya ɗauke ta. Tawa awa biyu kacal ta kwanta a ciki, sauran lokacin ya zama ma'ajiyar famfas da gyale. Amma ko don wurin miƙe ƙafa kujerar ta biya.

Abin da ya cece ni zani ne da majanyi. Wata ƙawata ta sa na sayi keken jariri mai tsada, na tura shi har bakin jirgi aka karɓa, ban sake ganinsa ba sai a Kuala Lumpur tare da akwatuna, ashe haka tsarin yake ni ce ban tambaya ba. Filin jirgin Doha gari guda ne, sai ki yi ta tafiya ba ki kai ƙofarki ba. Na saɓa ta a baya na ɗaure, hannu ɗaya jaka, hannu ɗaya fasfo, na wuce masu fama da kekuna a bakin lif. Wata Baturiya har biyo ni ta yi tana tambaya ko ba za ta faɗo ba, na ce mata haka aka goye ni, haka aka goyi uwata. A cikin jirgi ma da aka rage fitilu ta fara ƙananan koke-koke, goya ta na yi na koma can baya wurin da ma'aikata suke haɗa abinci, ina 'yar jijjiga. Ƙugin injin da ɗumin baya, minti goma ta yi laƙwas. Abu biyu kawai za ki sani. A wurin na'urar bincike za su iya cewa ki kwance ta, don haka kada ki yi ɗaurin da sai an taya ki. Sannan lokacin tashi da sauka ba a yarda da goyo ba, a cinya za ki riƙe ta, za su ba ki ɗan ƙaramin bel da ake zura shi a naki. In kuma abin shaƙar iska ya faɗo, Allah ya kiyaye, naki za ki fara sawa kafin nata, don in kin suma ba mai sa mata.

Jakar hannu ki haɗa ta kamar akwatunanki ba za su iso ba. Famfas 12 na ɗauka, na sauka da 3. Kayanta kala huɗu masu sauƙin cirewa, da safa da hula da ɗan bargo, don sanyin jirgi ya fi na hunturun Samaru shiga ƙashi. Ledoji na zuba masu datti. Sai kuma abin da ba wanda ya faɗa mini, wato kayan canjin uwa. Ba mu yi awa biyu da tashi ba ta yi wani kashi da ya fito ta baya ya sauka a kan doguwar rigata, ni kuwa ita ke nan gare ni. Haka na goge na yafa hijabi na ƙarasa Doha ina tsarguwa, kuma ga salla a gabana. Ki saka riga mara nauyi da hijabi na biyu, ki ware su na salla, tunda Doha akwai masallatai da ɗakunan shayarwa, ga rangwamen ƙasaru da haɗa salla da matafiyi yake da shi. Banɗakin jirgi yana da teburin canza famfas da ake saukewa a saman masai, amma ƙunci gare shi, ki shiga da abin da kike buƙata kaɗai. Ƙarar ruwansa kuma tana firgita yaro, ki buɗe ƙofa kina shirin fita kafin ki danna.

Iskar ciki a bushe take ƙwarai, ga ki mai shayarwa. Duk sanda aka zo da ruwa ki karɓa, in ba a zo ba ki nema. In tana shan madarar gwangwani, dokar nan ta mililita 100 ba ta hau kan abincin jarirai ba, ki fito da shi ki nuna musu kawai. Ki auna garin a gida, ki haɗa sai za ta sha, wadda ta wuce awa 2 da haɗawa a zubar. Kunun da ta saba da shi za ki ba ta, ranar tafiya ba ranar gwajin sabon abinci ba ce. Shayi mai zafi kuwa ni haƙura na yi da shi gaba ɗaya, hannun ɗan wata 7 ya fi ido sauri. In an kawo abinci tana hannunki, ki ce su ajiye miki sai ta yi barci, suna yi.

Kunya ita ce za ta cuce ki. Na riƙe fitsari kusan awa uku don na rasa wanda zan miƙa wa yarinya, har wata tsohuwa 'yar Indonesiya da ke gefena ta lura, ta miƙo hannu ba tare da mun ji yaren juna ba. Ma'aikatan ma in ba rabon abinci suke ba sukan riƙe miki na minti biyu. Kuka kuwa za ta yi, yaro ne. Ranar da tawa ta yi na saukar Doha na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma da na ɗaga kai mutum ɗaya ne ya haɗe rai, sauran kowa da abin ji a kunnensa yana kallonsa. Wanda ya haɗe ran ma shi ya sauko mini da jaka.

Maleshiya tana gabanmu da awa 7. Ƙarfe goman darensu ƙarfe ukun ranarmu ne, don haka za ta yi ta wasa da gwaranci har asubarsu, ta kwana da rana. Tawa sai da ta yi kusan mako kafin ta daidaita, da fita da ita hasken safe da hana ta dogon barcin yamma. Ki faɗa wa maigida tun yanzu ya ɗauki hutun kwana biyu ko uku, ya yi girki ya ajiye, kuma da kun fito ya karɓi 'yarsa. Nawa da ya tarye mu tambayar farko da ya yi ita ce ko daddawar ta iso lafiya, har yau ina yi masa gori.