Hukuncin ƙuri'ar katin wasa tsakanin abokai, da rangwame, da wasannin noma na waya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena mutanen Kano, ina aiki a shagon gyaran waya. Mu goma ne abokai, duk daren Juma'a muna haɗuwa a istiraha, wato gidan shaƙatawa, mu yi wasannin bidiyo. Ni ke sanar da su wasan da aka saki kyauta da wanda aka yi wa rangwame, ni ke kuma ba su shawarar wanda za su saya. Duk ƙarshen wata kowa yana kawo riyal 20, mu sayi katin PlayStation na riyal 200, mu yi ƙuri'a, wanda sunansa ya fito ya ɗauka. Wasu sun ce ai adashi ne. Sannan wani lokaci nakan buɗe asusu da sunan wata ƙasa don farashin can ya fi sauƙi. Ƙanwata kuma, 'yar shekara 13, ba ta rabuwa da Hay Day, wasan noma na waya, kuma akwai aladu a gonar. Mahaifiyarmu ta ce haramun ne, a goge shi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Aladun da suka tayar wa Hajiya hankali su ne mafi sauƙi a cikin tambayarka. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan riyal ashirin da kuke gani ba komai ba, saboda haka da ita zan fara.

Abin da kuke yi a ƙarshen wata caca ce. Malamai sun fayyace ta da cewa mutum ya sa dukiyarsa a inda ba shi da tabbas, ko dai ya ci na wasu ko a cinye nasa, kuma sa'a ce kaɗai ke raba gardama. To duba naku. Mutum goma sun zuba riyal 200. Ɗaya ya tashi da kati, ya ci 180 na 'yan'uwansa ba ta hanyar ciniki ba, ba ta hanyar aiki ba, tara kuma sun koma gida hannu rabbana. Wannan shi ne maisir ɗin da Allah ya haɗa da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya kira shi ƙazanta daga aikin Shaiɗan, sannan a aya ta 91 ya faɗi dalili: yana jefa gaba da ƙiyayya a tsakani, yana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ƙanƙantar kuɗin ba ta fitar da shi daga hukuncin, yardar da kuka yi wa juna ma haka, don kowane ɗan caca da yardarsa yake zama.

Masu cewa adashi ne, ka tambaye su abu ɗaya: a adashin da iyayenmu mata ke yi, wanda a nan ake ce wa jam'iyya, akwai wadda ke kwasa sau biyu alhali wata ba ta kwasa ko sau ɗaya ba? Babu. Kowa abin da ta zuba shi take ɗauka, bashi ne da ke zagayawa, shi ya sa mafi yawan manyan malaman ƙasar nan suka halatta shi. A naku kuwa mutum na iya zubi shekara guda sunansa bai fito ba, wani ya ci sau uku. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda hedkwatarta ke nan garinku Jidda, ta tsayar a zamanta na Doha a 2003 cewa duk gasar da kuɗin masu shiga, duka ko wani ɓangare, ke zama kyautar da za a ci, nau'i ne na caca.

Ita ƙuri'ar kanta ba ta da laifi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Don haka gyaran naku ba wuya. Ku mayar da shi adashi na gaskiya: wanda ya riga ya ɗauki kati a cire sunansa daga kwano, ya ci gaba da zubi har kowa ya samu nasa. Da haka ma kun gyara na baya, domin waɗanda suka ci a watannin da suka wuce za su mayar ta wannan hanya, wanda ya ci sau biyu kuma ya biya rarar. Ko kuwa wani mai hali a cikinku ya sayi katin da kuɗin aljihunsa, ya ce a yi ƙuri'a, ba wanda ya biya ko sisi don ya shiga. Wannan kyauta ce, yana ma da ladanta.

Da wannan ma'aunin za ka auna sauran. Shagon Epic Games, tun ƙarshen 2018, yana sakin wasa kyauta, yanzu kusan duk ranar Alhamis. Karɓa halal ne idan wasan kansa mai tsabta ne. Na san da ruwan ciki ake jan na rijiya, suna so ka saba da shagonsu ne, amma wannan niyyar ɗan kasuwa ce, kuma ba ta ɓata kyautar. Haka rabon da kamfani ko wani mai tashar YouTube zai yi, ya ce a bi shafinsa a shiga ƙuri'a: babu kuɗinka a ciki, in ka samu ka samu, in ba ka samu ba ba ka rasa komai ba. Idan aka ce sai ka sayi wani abu kafin ka shiga, malamai sun yi saɓani. Wasu sun hana gaba ɗaya. Wasu, kuma nan na fi karkata, sun halatta da sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin kayan saboda gasar, kuma ya zama dama kana buƙatar kayan. Wanda ya saya don ƙuri'ar kawai, kuɗin kayan ya zama kuɗin cacarsa, kuma shi ya fi kowa sanin abin da ke zuciyarsa.

Akwai wata da ba ka tambaya ba, amma tunda kai ne mai ba abokanka shawara dole in faɗa. Ina nufin akwatin sa'a da ake saya da kuɗi na gaske a cikin wasa, irin fakitin 'yan ƙwallo na wasan FIFA da yanzu ake kira EA Sports FC: ka biya, ba ka san wa zai fito ba, ko fitaccen ɗan wasa ko tarkace. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an hana cinikin jifa da tsakuwa da cinikin garari, wato a ce jefa tsakuwa, duk tufar da ta faɗa a kai taka ce a kan kaza. Ka cire tsakuwa ka sa maɓalli, ciniki ɗaya ne. Ko Beljiyam, da ba ruwanta da fiƙihunmu, hukumar kula da cacarta ta sanya irin waɗannan akwatuna cikin caca a 2018. Sayen abin da aka san shi, riga ce ko fili ko ƙarin babi na wasa, a farashin da aka sani, wannan ya halatta, sai dai a kiyayi almubazzaranci.

Rangwame halal ne, mai kaya yana da ikon rage kuɗin kayansa. Abin da nake jiye maka shi ne ka tara wasanni ashirin don an karya farashi, ba ka buɗe ko biyar ba. Wanda ya sayi abin da ba zai yi amfani da shi ba a rabin kuɗi, rabin ya zubar. Shagon Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba ka yi wasan ya kai awa biyu ba, amfani da wannan dama ba laifi, sharaɗi ne da mai kaya ya sa wa kansa.

Buɗe asusu da sunan wata ƙasa kuwa, ka bari. Kana zaune a Jidda ka rubuta cewa kana wani gari, da adireshin da ba naka ba: ƙarya ce, ko da na'ura ka yi wa. An ware wannan farashi ne don mutanen da kuɗin ƙasarsu ya karye, kuma ka danna cewa ka yarda da sharuɗɗan shagon, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud. Ka yi istigfari a kan na baya, ka jira rangwamen da ya zo ta ƙofa.

Sai maganar ƙanwarka. Asalin wasa halacci ne matuƙar bai ƙunshi haram ba, bai kuma hana wajibi ba. Na san mu da muka tashi a kan Risala mun karanta cewa bai halatta a yi wasan nardi (wasan allo da ake jefa ƙwayar dice) da shaɗaranji (chess) ba, kuma Imam Malik ya ce babu alheri a shaɗaranji. Nardi nassi ne ya hana shi a Sahihu Muslim, shaɗaranji kuwa an yi saɓani, Shafi'iyya sun tsaya a karhanci. Amma yarinyar da ke shuka masara tana kiwon kaji a allo ta fi kusa da Nana A'isha da 'yan tsanarta, har da doki mai fukafukai da Annabi ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Aladen Hay Day zane ne. Ba najasa ba ne, ba a ci ba, ba a sayar da nama ba, don haka ba zan ce haramun ba. Na fi so dai ta bar kiwonsa inda wasan ya ba da dama, kada kuma a kashe riyal ko ɗaya a kansa, don kada ido ya saba da abin da ya kamata rai ya ƙyamata. Ka faɗa wa Hajiya haka cikin ladabi, kishinta na addini abin yabo ne. In ta dage a goge, to a goge, biyayyar uwa ta fi gonar waya.

Ba duka wasannin nan ne ɗaya ba, sai ka duba kafin ka ce wa wani ya saya, domin wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙirƙira ya fitar a 2016, noma ne da kamun kifi da zumunci da maƙwabta, amma akwai mashaya a garin, ana iya haɗa giya a gona, akwai kuma gidan caca a hamada. Ba dole ba ne a taɓa su: ganyayyaki na zama ruwan sha, 'ya'yan itace na zama jam. Babba mai hankali ya yi wasansa ya kauce musu, ko da kuɗin cikin na bogi ne, don kwaikwayon caca ba tarbiyya ba ce. Animal Crossing: New Horizons na Nintendo, wanda ya fito a Maris 2020, ya fi tsabta, ko bashin gida da ake ba ka a ciki babu ruwa a kansa. The Sims 4 kuwa, duk da an mayar da shi kyauta tun 2022, ba na ba da shawarar a sa wa yara, saboda soyayya da zaman da ba aure da ke cikinsa. Waɗanda ake shiga da baƙi ta intanet, irin Palia, abin lura a nan shi ne hira: a san da wa yarinya ke magana. Kiɗa kuma akwai wurin kashe shi.

Abin da ya fi damuna a wasannin nan shi ne agogonsu. Ina da jika mai irin shekarun ƙanwarka. Wata rana an kira magariba, uwarta ta shimfiɗa darduma, ita kuwa tana durƙushe bakin kujera, hijabi a wuya, waya a hannu. Na ce tashi. Ta ce, "Baba Malam, saura minti biyu alkamata ta nuna." Minti biyun ya cika, ta girbe, sai ga shi ta sake shukawa, don ba a barin gona fayau. Haka aka gina shi: ba faɗa, ba jini, ba abin da zai sa uba ya ɗaga murya, kullum dai akwai ɗan abin da ya rage. Na tausaya mata ƙwarai, don ba taurin kai ba ne, manya ne suka zauna suka tsara yadda za ta riƙa dawowa. Annabi ya ce wa Hanzala sa'a da sa'a, wato rai na da rabonsa na hutu, amma wasan da ya fitar da salla daga lokacinta ya zama haram a kan mai yinsa a wannan hali, komai tsabtarsa. A gidanmu mun kashe sanarwar wasan, mun cire katin banki daga wayar, kuma da an yi kiran salla wayar na komawa hannun uwarta sai an sallame. Ku ma na istiraha, daren Juma'a ne, ku tsayar da lokacin tashi tun kafin ku zauna, yadda asuba za ta same ku a sahu.

Wallahu a'alam.