Amsa ga mai tambaya kan faya-fayan Arthur Alexander

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce a cikin akwatin da ya dawo da shi daga karatu a Ingila ka tarar da ƙananan faya-fayan garmaho na wani Arthur Alexander, ba ka taɓa jin sunansa ba, kana son sanin ko suna da tsada, da kuma ko ya dace ka nemi sauran ka haɗa. Na daɗe ina tara faya-fayan mutumin nan, shi ya sa na kasa wuce tambayarka.

Kada ka sayar da ko ɗaya tukuna, kada kuma ka sa rai da kuɗi mai yawa. Darajar mawaƙi daban, farashin faifansa a kasuwa daban, kuma a kan Arthur Alexander tazarar da ke tsakanin biyun tana da faɗi.

An haife shi a 1940 a garin Sheffield na jihar Alabama, a kudancin Amurka. Yana aikin ɗaukar wa baƙi kaya a otal lokacin da ya rubuta "You Better Move On". Wani mai naɗar waƙoƙi, Rick Hall, ya naɗi waƙar a 1961 a wani tsohon rumbun ajiye taba a Muscle Shoals, kamfanin Dot ya fitar da ita, ta kai mataki na 24 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka a 1962. Da ribarta Hall ya gina ɗakin naɗar waƙa na FAME, inda daga baya su Wilson Pickett da Aretha Franklin da Etta James suka je suka yi aiki. Ƙungiyar mawaƙan Beatles ta Liverpool sun rera "Anna" tasa a kundinsu na farko a 1963, Rolling Stones na Landan sun rera "You Better Move On" a 1964, Bob Dylan ya rera "Sally Sue Brown" a 1988. Shi kuwa mai waƙoƙin ya bar harkar, ya shafe shekaru yana tuƙin bas a Cleveland. Sai a 1993 ya dawo da kundin Lonely Just Like Me, kuma a watan Yunin shekarar zuciyarsa ta buga ya rasu a Nashville, yana da shekara 53. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna. Muryarsa ba ta ihu ba ce. A hankali yake rerawa, da salon da ya haɗa waƙar baƙaƙen fatar Amurka da ta mutanen karkara, kuma ba ka jin alamar yana ƙoƙarin burge kowa.

To, maganar farashi. Abu uku ne ke yanke shi: ƙarancin faifan, lafiyarsa, da yawan masu nemansa. Waƙar da ta yi kasuwa an buga ta da yawa, saboda haka "You Better Move On" da "Anna" bugun Dot ba su da wuyar samu, ko da yake su ne suka fi shahara. Sababbin shiga suna shan mamakin wannan. Wanda ke wahalar da masu tarawa shi ne faifansa na farko, "Sally Sue Brown", da ya fito a 1960 a ƙaramin kamfanin Judd, kuma ba da sunan Arthur ba, da sunan June Alexander. Mutum zai iya riƙe shi a hannu ya ajiye bai san na wane ne ba. Bayan shi akwai waɗanda ya yi wa Sound Stage 7 a tsakiya da ƙarshen shekarun 1960, waɗanda ba su yi kasuwa ba, don haka ba su yawaita ba. Babban faifansa na Dot na 1962 ana nemansa idan kwalinsa na da kyau, amma a ganina ba shi ne aikinsa mafi kyau ba, domin an cika shi da waƙoƙin wasu da ke tashe a lokacin. Na fi son na Warner Brothers na 1972, wanda a cikinsa ya rera "Burning Love" kafin Elvis Presley ya fitar da tasa.

Tunda daga Ingila Baba ya zo da naka, ina kyautata zaton bugun London ne, ba na Dot ba. A wancan zamani kamfanin London ne ke fitar da waƙoƙin Dot a Birtaniya, kuma lambar faifan tana farawa da HLD. Wannan labari ne mai daɗi, domin irin waɗannan ne samarin Liverpool da Landan suka saya suka koyi waƙoƙinsa, kuma akwai masu tarawa da bugun Birtaniya kawai suke bi. Ka duba ramin tsakiya. Na Amurka rami ne babba, wanda babban yatsa ke shiga. Na Birtaniya ƙaramin rami ne a cikin wani ɗan faranti da aka maƙala da siraran ƙafafu, wanda ake iya ɓallewa idan za a sa faifan a na'urar jukbos, wadda ake jefa wa kuɗi ta kunna waƙa. Idan an ɓalle shi, farashin ya sauka, ko da sautin lafiya lau yake. Don Allah kada ka taɓa shi.

Daga nan ka kai faifan kusa da taga, ka karkata shi a haske, ka dubi santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Za ka ga wasu ƙananan lambobi da haruffa, wasu an buga su da hatimi, wasu an karce su da hannu. Su ne shaidar faifan. Da su ake bambanta bugun farko da na baya, da su ake kama jabu. Ka kwafe su daidai, gaba da baya, ka shiga Discogs, shafin intanet na masu tara faya-fayai, ka nemi bugun da ya yi daidai da naka harafi da harafi. Kada ka tsaya a sunan waƙa kawai, domin waƙa ɗaya tana iya samun bugu da dama, kowanne da kuɗinsa.

Lafiyar faifai ita ce inda aka fi yin rigima. Masu saye da sayarwa suna amfani da ma'aunin mujallar Goldmine. NM shi ne wanda kusan bai taɓu ba. VG+ yana da 'yan alamun amfani amma sauti garau. VG ana jin ƙarar ƙas-ƙas a bayan waƙa, musamman a farko da wuraren da kiɗa ya yi sanyi. G ya sha wuya, sai dai allura ba ta tsalle. Bisa ƙa'idar da aka saba, VG+ yana kawo kusan rabin kuɗin NM, VG kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kowa gani yake nasa ya kai VG+, amma yawancin faya-fayan da aka yi biki da su shekara sittin da suka wuce VG ne ko ƙasa da haka. Ni idan zan auna, nakan sa yatsa a hankali a kan karcen. Wanda ido ya gani amma farce bai ji ba, sau da yawa ba ya fitowa a sauti. Wanda farce ya ji, kunne ma zai ji. Kuma ido kaɗai ba ya isa. Akwai ƙananan faya-fayan Amurka da aka yi da wata roba mai tauri da ake kira sitairin, marasa nauyi, waɗanda takardarsu manna ta aka yi a sama. Irinsu za ka gan su suna sheƙi kamar sababbi, ka ɗora allura ka ji murya tana shaƙewa, saboda tsohuwar allura mai nauyi ta riga ta cinye layukan. Shi ya sa ba na yanke wa faifai daraja sai na saurare shi daga farko har ƙarshe.

Game da farashin da za ka gani a intanet, kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne farashi ba, kamar dai yadda taya ba ita ce sallama ba a kasuwar shanu. Ka duba abin da aka saya da gaske. Discogs yana nuna tarihin cinikin kowane bugu, shafin Popsike kuma yana ajiye sakamakon gwanjo. Ka kwatanta da faifan da lafiyarsa ta yi daidai da ta naka, sannan ka cire kuɗin aikawa waje da ladan shafin. Sau da yawa abin da ya rage ba ya kai ga a rabu da kayan mahaifi.

Akwai abin da ya fi gaggawa a kan duk wannan, wato zafi da ƙura. Ka fitar da akwatin daga ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, kada ka bar faifai a mota ko inda rana ke bugawa, domin yana lanƙwashewa kuma da wuya ya miƙe. A tsaye ake jera su, ba a ɗora wani kan wani. Ƙurar hunturu tana shiga layukan, idan ka goge ta da busasshen tsumma ka karce faifan da hannunka. Zallan ruwan da aka tace irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ɗin batir ba), da ɗigon sabulun wanke kwano, da ƙyalle mai laushi sun wadatar. Ka bi layukan a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka bar shi ya bushe a inuwa. Idan rigarsa ta takarda mai tambarin London tana nan, ka adana ta ko ta yage, ka sa faifan a sabuwa. Kuma kada ka ɗora su a kan tsohon garmahon da ake juyawa da hannu mai allurar ƙarfe. Wannan na faya-fayai masu gudun zagaye 78 a minti ne, naka masu gudun 45 ne, juyi ɗaya zai lalata su.

Ko ka nemi sauran? Ni dai na ce ka nema, amma ka fara da kunne. Kamfanin Ace na Birtaniya ya tattara waƙoƙinsa na farko a kundin A Shot of Rhythm and Soul a 1982, ka saurare shi ka ji ko muryar ta kama ka. Idan ta kama ka, ka bi na Dot ɗaya bayan ɗaya, ka sayi mai lafiya ko da ya ɗan fi tsada, domin gara guda mai kyau da biyar masu ƙara. Ka riƙa juya su kuma, bayansu ba na cike gurbi ba ne: "A Shot of Rhythm and Blues" tana bayan "You Better Move On", "Soldier of Love" tana bayan "Where Have You Been", kuma dukansu biyu Beatles sun rera su a BBC a 1963. Na Judd kuwa kada ka saya daga hannun wanda ya ƙi nuna maka hoton lambobin santsin nan.

Ka ɗauko mana hoton kowane faifai gaba da baya, da na ramin tsakiya, da lambobin da ka kwafa. In sha Allahu zan gaya maka bugun da kake da shi da kuma matakin da nake ganin ya kai.