Tambaya da Amsa: Makarantar 'Ya'yan Samurai a Aizu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Gusau. Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za a tura kwas birnin Tokiyo, kuma an ce za a riƙa ba mu hutun ƙarshen mako. A fim kawai na san samurai, sai na ji wai har makarantu gare su. Gaskiya ne? Akwai wadda baƙo zai iya shiga ya gani? Kuma ya dace Musulmi ya je, tunda an ce akwai gunki a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Gaskiya ne. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, Japan tana rabe ne a hannun sarakuna fiye da 250, kowanne da ƙasarsa da mayaƙansa, kuma mafi yawansu sun gina makarantar da ake horar da 'ya'yan mayaƙan nan, wato samurai. Wadda zan ce ka je ita ce Nisshinkan, a garin Aizu-Wakamatsu da ke jihar Fukushima. Sai dai ka sani tun yanzu, ginin da za ka tarar ba na asali ba ne. Na asalin ya ƙone a yaƙin 1868, abin da ya rage a wurinsa kawai tudun duwatsun da ake hawa a kalli taurari. Wanda ke tsaye yau an gina shi a 1987, a bayan gari, bisa fasalin tsohon. Idan tsohon katako kake son taɓawa da hannunka, to ka nufi Kodokan a garin Mito, wadda aka buɗe a 1841, ta kuma fi kusa da Tokiyo. Amma ni Aizu nake tura malami, domin a can ne zai ga makarantar, ya ga kuma abin da ya sami yaran da ta yaye, duk a gari ɗaya.

Yunwa ce ta haifi Nisshinkan. Tsakanin 1782 da 1788 sanyi ya lalata amfanin gona a arewacin Japan shekara bayan shekara, mutane suka mutu birjik, baitulmalin Aizu ya ƙare. Wazirin ƙasar, Tanaka Harunaka, ya gaya wa sarkinsa Matsudaira Katanobu cewa gyara ba zai yiwu ba sai an gyara mutanen da za su riƙe mulki. Aka kammala makarantar a 1803, kuma wani attajiri mai fataucin tufafi, Suda Shinkuro, shi ya ɗauki kaso mai yawa na kuɗin ginin. Wannan ya daɗe yana tsaya min a rai. Ƙasa tana cikin talauci, amma aka zaɓi a zuba kuɗi a aji, kuma ɗan kasuwan da ba ya cikin jinsin samurai ne ya buɗe aljihunsa.

Da ka shiga, ido zai so ya ja ka wurin takubba da filin harbin baka. Ka daure ka fara da azuzuwa. An jera mutum-mutumin yara sun durƙusa gaban ƙananan tebura, malami yana gabansu. Yaro yana shiga ne da shekara 10, ya fara da biya littattafan malamin Sin, Konfushiyas, da babbar murya, yana maimaita abin da malami ya karanta tun kafin a fassara masa ma'ana. Duk wanda ya zauna a makarantar allo zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Daga nan sai rubutu da alƙalamin gashi, da ladubban zama da gaisuwa, har da ilmin taurari da na magani. Ɗalibai sun kai dubu. A tsakar gidan akwai wani tafki da aka haƙa domin koyon iyo, inda yaro kan koyi ƙetare ruwa a kan doki ko da kayan yaƙi a jikinsa, mutanen Aizu kuma suna alfahari da cewa shi ne tafkin koyon iyo mafi daɗewa a makarantun Japan.

Abin da ya fi kama ni, a matsayina na wanda ya riƙe alli, shi ne tarbiyyar da ake yi kafin yaro ya taka ƙofar makarantar. Daga shekara 6 zuwa 9, yaran unguwa ɗaya sukan haɗu rukuni-rukuni, kamar goma-goma, wanda ya fi girma shi ne shugaba. Kullum sai su taru a gidan ɗayansu, shugaban ya karanto dokoki bakwai: a bi maganar na gaba, a rusuna wa na gaba, kada a yi ƙarya, kada a yi aikin ragwanci, kada a zalunci mai rauni, kada a ci abinci a kan hanya, kada a tsaya hira da mata a waje. Sai a rufe da cewa abin da bai kamata ba, bai kamata ba. Daga nan a tambaya, wa ya karya doka jiya? Ƙaramin laifi, yaro ya ba kowa haƙuri. Wanda ya fi wannan, a ɗan make masa hannu. Babban hukunci shi ne a daina yi masa magana, kuma ba ya dawowa cikin 'yan'uwansa sai mahaifinsa ko yayansa ya rako shi an nemi afuwa. Yara ne ke hukunta yara, manya suna gefe. Ka kwafi dokokin nan a littafinka, Malam, za ka so ka tattauna su da 'yan ajinka.

Bayan makaranta sai ka shiga gari ka hau fadar Tsuruga, wato fadar sarakunan Aizu. Ita ma an rushe ta a 1874, aka sake gina ta a 1965, cikinta kuma gidan tarihin garin ne, hawa-hawa. Kusa da ita akwai babban gidan tarihi na jihar Fukushima, wanda aka buɗe a 1986, inda za ka ga rayuwar manoma da masu sana'a, mutanen da shinkafarsu ta ciyar da samurai amma 'ya'yansu ba su da wurin zama a Nisshinkan. Kada ka tsallake shi.

A fadar ne za ka ji ƙarshen labarin. A 1868 Aizu ta tsaya bayan tsohuwar gwamnatin Tokugawa, gidan da ya mulki Japan a zamanin Edo, sojojin sabuwar gwamnati suka kewaye fadar wata guda suna ruwan igwa, har ta miƙa wuya. Cikin masu kare garin akwai rundunar Byakkotai, samari 'yan shekara 16 da 17, ɗaliban Nisshinkan. Ashirin daga cikinsu sun rabu da sauran bayan an ci su da yaƙi, suka bi ta wani ramin ruwa da aka haƙa cikin dutse suka ɓullo kan tudun Iimori. Suka hango hayaƙi ya turnuƙe garin. Nan suka kashe kansu. Sha tara suka mutu, ɗaya, Iinuma Sadakichi, aka tsince shi da sauran numfashi ya rayu. Labarin da aka fi bayarwa shi ne sun ɗauka fadar ta faɗi, alhali tana nan tsaye. Abin da shi Iinuma ya bari a rubuce ya nuna sun yi gardama a tsakaninsu, suka zaɓi mutuwa a kan a kama su.

Kaburburansu suna jere a kan tudun, hayaƙin turare ba ya yankewa. Mutanen gari suna girmama su, ka girmama wannan, kada ka ɗaga murya. Amma ni ban iya kallon wurin a matsayin jarumta kawai ba. Yara ne da aka koya wa biyayya da gudun abin kunya har ransu ya zama ba a bakin komai ba a wurinsu, kuma babu babba ko ɗaya tare da su da zai ce su dakata. A gefe za ka ga wani ginshiƙin dutse da gwamnatin ɗan kama-karya Musolini ta aiko daga Italiya a 1928 don yabon su. Ka duba wanda ya yi yabon, ka duba shekarar. Makarantar nan dai ita ce ta yaye Yamakawa Kenjiro, wanda aka cire daga rundunar saboda ƙarancin shekaru. Ya rayu, ya karanci kimiyya a Amurka, ya zama shugaban Jami'ar Tokiyo a 1901. Sau da yawa nakan yi tunanin me sha taran nan za su zama da sun sauko daga tudun.

Batun gunki kuwa, akwai zaure a tsakiyar makarantar da aka ajiye mutum-mutumin Konfushiyas. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka yi wata ibada, kallo ne ka wuce. Abin da zan ce ka kula da shi sosai shi ne abinci. Shahararren abincin garin soyayyen naman alade ne a kan shinkafa, romon taliyar yankin ma yawanci da alade ake yin sa, kuma suna yawan zuba giyar shinkafa a miya. Ka tafi da guzurinka da dardumar salla. Hanya: jirgin ƙasa mai gudu daga Tokiyo zuwa Koriyama, kusan awa ɗaya da rabi, ka canja zuwa jirgin Aizu-Wakamatsu, awa ɗaya da 'yan mintoci, sannan ka ɗauki tasi zuwa makarantar. Ka kwana ɗaya a garin. Idan sunan Fukushima ya tsorata ka, tashar nukiliyar da ta yi hatsari a 2011 tana bakin teku, kusan kilomita 100 gabas, da duwatsu a tsakani. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara tana da yawa, sai da rigar sanyi ta gaske.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. 'Ya'ya mata na samurai su ma suna zuwa irin waɗannan makarantu?

AMSA: A'a, 'yata, Nisshinkan ta maza ce zalla. Mata a gida ake koya musu karatu da ɗinki, da sarrafa wani dogon mashi mai kaifin takobi. Amma da yaƙi ya zo ba su zauna ba. Nakano Takeko ta jagoranci wasu mata da irin wannan mashi, aka harbe ta a fagen fama. Yamamoto Yae, 'yar mai koyar da harbin bindiga, ta yanke gashinta ta sa kayan ƙanenta da aka kashe, ta yi yaƙi daga cikin fadar har ranar miƙa wuya. Daga baya ta koma Kiyoto, ta auri Niijima Jo wanda ya kafa makarantar Doshisha a 1875, ta kuma taimaka wajen buɗe sashen 'yan mata. Ƙanwar Yamakawa Kenjiro, Sutematsu, tana ƙaramar yarinya lokacin da aka kewaye fadar. A 1871 gwamnati ta tura ta Amurka karatu tare da wasu 'yan mata huɗu, ta gama digiri a 1882, ta dawo gida ta ba da ƙarfinta wajen ilmin mata da horar da ma'aikatan jinya.