Editan da ya cinye mini maƙala

Ka ce ka dawo daga tafiya da littafi cike da rubutu, wani edita ya ce ka aiko masa da maƙala, kana tambaya ta ina za ka fara. To ɗana, zancen tsara sakin layi da gyaran jimla ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a. Maganar editan ce ta fama mini tsohon gyambo.

Ina matashi wani mai mujalla ya ce in rubuta masa labarin wata ƙasa da na ratsa, zai biya ni idan ta fito. Da kuɗin aljihuna na yi tafiyar. A kan iyaka wani jami'i ya riƙe fasfona yana juyawa, ya dubi hoton, ya dubi fuskata, ya ji harshen da na gaishe shi da shi, ya ce, "Asalinka ɗan ina ne?" Na faɗa masa, bai gamsu ba. Da na shiga mota, tsohuwar da na zauna kusa da ita ta janye ƙunshinta ta ɗora a cinya, ba ta sake shi ba har muka sauka. A kan waɗannan biyun na gina maƙalar, yadda mutum ke barin gida yana ganin ya san kansa, sai baƙi su nuna masa wani mutum daban. Na miƙa wa mai mujallar hannu da hannu, ba takarda, ba shaida.

Da mujallar ta fito, jami'in ya ɓace, tsohuwar ta ɓace. Abin da ya rage shi ne kyan otal da faɗuwar rana a bakin teku, a ƙasa kuma sunan wani ɗan'uwansa. Na je ofishinsa, ya ce wai wancan ɓangaren zai kori masu talla. Kuɗi kuwa, "dawo gobe" har mujallar ta mutu. Allah ya isa, har yau ban yafe ba.

Wannan sata ba sabuwa ba ce a sana'armu. Shahararren matafiyi Ibn Battuta ya bar garinsu Tanja ta Maroko a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, sannan ya faɗa wa marubuci Ibn Juzayy labarinsa ya rubuta. Masana sun gano an kwaso wasu bayanan Dimashƙ da Makka daga rubutun Ibn Jubair, wani matafiyi da ya riga shi. Bayanin gine-gine kowa na iya ɗauka. Amma inda Ibn Battuta ya isa Mali a 1352 ya raina kyautar da sarkinta Mansa Sulaiman ya aiko masa, nan ba mai iya sace masa, domin halinsa ne ya fito, da girman kansa da kwaɗayinsa.

Ku yaran yanzu kuna sauka daga jirgi ku ɗau hoto da waya, ku kwafo tarihin garin daga intanet, ku ce kun yi maƙala. Ko mutum ɗaya ba ku zauna da shi ya ba ku haushi ba.

Duba littafin nan naka, nemo inda aka yi maka kallon bare ko inda ka ji kunya, daga nan za ka fara. Editan kuma ya rubuta maka kuɗinka da sunanka a takarda, ya sa hannu, kafin ya ga ko layi ɗaya. Idan ya ce ai amana ce tsakaninku, ka ce ni na hana ka.