Amsoshin Tambayoyinku: Mai In'inar da Ya Zama Muryar Mufasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara tara da ke fama da in'ina, har ta kai ya daina ɗaga hannu a aji. Na ji an ce mutumin da ya yi muryar Mufasa a fim ɗin The Lion King shi ma da in'ina ya taso. Shin gaskiya ne, kuma wane ne shi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana yaron. Abin da kika ji gaskiya ne. Sunan mutumin James Earl Jones, baƙar fatar Amurka da aka haifa ranar 17 ga Janairun 1931 a Arkabutla ta jihar Misisifi. Mahaifinsa ya bar gida tun da wuri, kuma yana ɗan shekara biyar kakanninsa na wajen uwa suka tafi da shi gonarsu a jihar Mishigan. Wannan ƙaura ta girgiza yaron ƙwarai, in'ina ta kama shi da tsanani, har ya shafe kusan shekara takwas da wuya a ji bakinsa a cikin mutane, duk da cewa yakan yi wa dabbobin gona magana.

Wanda ya buɗe masa baki shi ne malaminsa na Turanci a sakandare, Donald Crouch. Wata rana Jones ya rubuta waƙa a kan wani nau'in lemo, malamin ya nuna kamar bai yarda shi ya rubuta ba, ya ce in dai tasa ce, to ya tashi ya rera ta da ka a gaban ajin. Yaron ya miƙe, ya kai ƙarshenta harshensa bai sarƙe ba. A nan ne aka gano cewa idan kalmomin a rubuce suke kuma ya haddace su, in'inar takan sassauta masa, kuma a kan wannan ya gina sana'arsa baki ɗaya.

Bayan ya kammala Jami'ar Mishigan da aikin soja, ya shiga wasan daɓe a birnin New York, inda ya ci kyautar Tony, wadda ake bai wa gwanayen wasan daɓe, a 1969 da kuma 1987. A talabijin ya fito a matsayin marubuci Alex Haley a 1979, sannan ya karɓi kyautar Emmy ta gwanayen talabijin har biyu a shekara guda, wato 1991. Masu kallo a nan gida sun fi tuna fuskarsa a fim ɗin Coming to America na 1988, inda ya fito a Sarki Jaffe Joffer.

Muryarsa ce dai ta fi zagaya duniya. A fim ɗin Star Wars na 1977, wani Bature ɗan Ingila mai suna David Prowse ne ya sanya baƙaƙen kayan Darth Vader, wato mugun fim ɗin, amma aka ga muryarsa ba ta da kwarjinin da ake so, sai aka ɗauko Jones ya ɗora tasa a kan dala 7,000. Shi da kansa ya nemi kada a rubuta sunansa, don yana ganin aikin na Prowse ne, sunan bai fito ba sai a 1983. A ganina ya ƙasƙantar da kansa fiye da kima, domin duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa ya san cewa murya ita ce rabin jarumi. Muryar Mufasa kuwa ya yi ta a 1994, ya sake yin ta a 2019.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, Hajiya: Jones bai taɓa cewa ya warke ba. Har ya tsufa yana faɗa cewa in'inar tana nan, ya dai koyi yadda zai zauna da ita. Saboda haka kada a tsawata wa ɗanki, kada kuma a riƙa ƙarasa masa magana idan ya sarƙe. Ku gwada karatu a bayyane da hadda a gida, ki kuma nemi ganin ƙwararre kan matsalar furuci a asibitin koyarwa mafi kusa da ku.

Jones ya rasu ranar 9 ga Satumban 2024 a gidansa da ke jihar New York, yana da shekara 93.