Azumin Yunana na maƙwabtanki Kibɗawa

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah Ya yi miki albarka. Kin ce kin aika wa maƙwabciyarki Bakibɗiya, wato Kirista 'yar cocin Masar, a nan Gadarif ta Sudan da kifi da shayin madara, ta mayar miki tana ba da haƙuri, wai suna azumin Yunana, wato Annabi Yunusa, na kwana 3 domin tunawa da Almasihu. Kina tambayar me ya haɗa Annabi Yunusa da Annabi Isa, alaihimas salam, da kuma abin da ya dace ki kai mata. Zan faɗa miki yadda su suke karanta abin, don ki fahimce su da bakinsu.

Azumin yana farawa ranar Litinin, mako 2 cif kafin babban azuminsu na kwana 55, galibi cikin Fabrairu. Litinin, Talata, Laraba, sai ranar Alhamis su yi idi. Masu ƙarfi ba sa ci ba sa sha tun tsakar dare har a idar da addu'ar coci da yamma, kuma ko an buɗe baki babu nama, babu madara, ƙwai, cuku ko man shanu. Akwai azumominsu da aka yarda a ci kifi, kamar na kafin Kirsimeti, amma ban da wannan. A kwanakin nan ake karance littafin Yunana a coci, babi 4 ne kawai. Habashawan da ke garinku ma suna yinsa, suna ce masa azumin Ninawa. Asalinsa na Kiristocin Siriya da Iraƙi ne, wani shugaban cocin Kibɗawa mai suna Abram ɗan Zur'a, mutumin Siriya, wanda ya yi jagoranci daga 975 zuwa 978, shi ya shigar da shi Masar.

Dalilin haɗin yana cikin Linjilar Matiyu 12:40, inda aka rawaito Almasihu yana cewa kamar yadda Yunana ya yi kwana uku, dare da rana, a cikin kifi, haka shi ma zai yi a cikin ƙasa. A wurinsu cikin kifin kabari ne, amayar da shi a gaɓa tashi daga matattu ne, tubar mutanen Ninawa, wadda kufanta ke gefen Mosul a Iraƙi, ita ce shigowar al'ummun da ba Yahudawa ba. Za ki ji masu gardama suna cewa daga yammacin Juma'a zuwa asubar Lahadi ai bai cika dare uku ba. Amsar malamansu ita ce a lissafin Yahudawan wancan zamani guntun yini ana ƙirga shi yini. Ba kowa wannan amsa ke gamsarwa ba, amma ita ce amsarsu tun da daɗewa.

Yunana ɗaya ne daga cikin mutane da yawa da suke ɗauka a matsayin ishara ga Almasihu. Kirista yana karanta Tsohon Alkawari a kan cewa Allah Ya riƙa jefa ishara cikin rayuwar mutanen farko, wadda ba ta bayyana sarai ba sai da Mai Ceto ya zo. Littafin Ibraniyawa 10:1 ya kira shari'ar Musa inuwar abubuwan da ke tafe. Kamar baƙo ne da hantsi, inuwarsa ta riga shi shiga zaure: kin san akwai mai zuwa, kin ga tsayinsa, amma fuskarsa sai ya shigo.

Wannan karatu yana da ƙa'ida, kuma daga ƙa'idar ake gane malami da mai shaci-faɗi. Dole abin farko ya zama ya faru da gaske a wurinsu, ba almara ba. Kamannin kuma a gaɓa ɗaya yake ko biyu, ba a dukkan rayuwar mutum ba: a littafinsu Yunana ya guje wa aike ya hau jirgin Tarshish, kuma babu Kiristan da zai ce Almasihu ya guje wa aike. Sannan na bayan dole ya fi na farko, shi ya sa ayar da ke biye, Matiyu 12:41, ta ce ga wanda ya fi Yunana. Wani lokaci ma kamannin ta hanyar saɓani yake zuwa. Bulus a Romawa 5:14 ya kira Adamu kwatancin mai zuwa, ma'ana ta mutum ɗaya mutuwa ta shigo, ta mutum ɗaya rai ya dawo.

Wanda Kibɗawa suka fi daɗewa a kansa shi ne ɗan Ibrahim. A littafin Farawa babi na 22, Ishaƙu ne aka kai, sun hango wurin a rana ta uku, uban ya ɗora wa ɗan itacen hadaya ya hau dutse da shi, daga ƙarshe aka sami rago da ƙahoninsa suka sarƙe a kurmi. Ranar Alhamis ta makon shan wahala, kafin Juma'ar gicciye, firist yana rera wata doguwar addu'a yana gutsuttsura gurasa, a ciki yake jera su: yadda Ishaƙu ya ɗauki itace haka Almasihu ya ɗauki gungumen gicciye, yadda Ishaƙu ya dawo da rai haka shi ma ya tashi. Lura da cewa a nan ishara ta rabu biyu, ɗan ya ɗauki itace amma ragon aka yanka, don haka suke haɗa su biyun kafin hoton ya cika.

Ragon Idin Ƙetarewa, idin Yahudawa na tuna fitarsu daga Masar, ma haka. Littafin Fitowa babi na 12 ya ce a ware shi ranar 10 ga wata, namiji bana ɗaya marar aibi, a yanka ranar 14, a shafa jinin a dogaran ƙofa, kada a karya masa ƙashi ko ɗaya, kuma Yahaya 19:36 ta ɗauko zancen ƙashin nan ta ɗora a kan Almasihu. Akwai macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, wanda maciji ya sara ya dube shi ya warke, da Malkisadik sarkin Salem da ya tari Ibrahim da gurasa da ruwan inabi. Macijin nan ƙarshensa abin lura ne: da mutane suka koma ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta kawo.

Inda abin ke lalacewa shi ne in mai wa'azi ya ga kowane itace ya ce gicciye ne, kowane jan abu ya ce jini ne. Wata tsohuwar wasiƙa da ake jingina wa Barnaba ta ɗauki mayaƙa 318 na gidan Ibrahim, ta ce a haruffan Girkanci 300 siffar gicciye ce, 18 kuma farkon sunan Yesu. Alhali littafin Farawa da Ibrananci aka rubuta shi. Irin wannan ne ya raba malaman Iskandariya, irin su Orijin, da na Antakiya, irin su Tiyodor na Mofsuwestiya wanda ya rasu a 428, shi da ya ƙi yarda da ishara sai 'yan kaɗan. Ko Yusufu, da kowa ke kawowa saboda an sayar da shi azurfa 20 kamar yadda aka ba da Almasihu a kan 30, Sabon Alkawari bai taɓa kiransa ishara kai tsaye ba, malaman baya ne suka haɗa. A ganina mutanen Antakiya sun fi tsantseni, ko da yake Kibɗawa magadan Iskandariya ne.

Mu kuma namu a sarari yake. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su gicciye shi ba, don haka ginshiƙin da duk isharorin nan suka jingina a kai ba ma tare da su a wurin. Mafi yawan malamanmu sun tafi a kan Isma'ilu ne abin yankan. Annabi Yunusa kuwa muna da shi a Suratus Saffat, da mutanensa da imaninsu ya amfane su a Suratu Yunus aya ta 98. Kada ki mayar da ƙofar gida zauren muƙabala. In ta tambaye ki, faɗi naki da ladabi, in ba ta tambaya ba, haƙƙin maƙwabtaka ya ishe ki.

Batun kwano kuwa, ki kai bayan la'asar. Ful da man riɗi, ta'amiya, miyar adas, kisira da miyar kuɓewa, dabino, zoɓo, duk sun yi. Inda mata ke tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa: dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza, garin sharmut, wato busasshen nama, a miya, cukun da ake barbaɗawa a kan ful, da ludayin da aka juya tukunyar nama da shi. Ki faɗa mata abin da kika zuba, don ta ci hankali kwance. Agashe da fura da nono ki bari sai ranar Alhamis, kuma ki tuna bayan kwana 11 za su shiga babban azumin, sharuɗɗan cin abincinsa iri ɗaya ne da waɗannan.

Ki gaida maigidan da yara.

Kawunki